Ranar Da Baba Ya Ɗaukar Mini Jaka

Likitan bai ɓoye mini komai ba. Ya janye ni gefe a barandar asibiti, ya ce hantar Baba ta riga ta lalace, mu mai da shi gida, mu ba shi duk abin da ransa ya so, mu ci gaba da addu'a. Na ce to. Har godiya na yi masa sau biyu. Na tsaya ina jiran wani abu ya motsa a ƙirjina, shiru kake ji. Abin da kawai na lura da shi, igiyar takalmin likitan ta kwance, har na so in gaya masa.

Haka na yi ta zama. In tafi makarantar da nake koyarwa, in dawo unguwarmu Mandawari, in leƙa soron da Baba yake kwance in gaishe shi, in ci tuwo ban san miyar mece ce ba. Ƙannena mata suna shiga ɗakin Inna su yi kuka su fito da jajayen idanu. Ni babban ɗa, ko ɗigon ƙwalla. Kuma ni fa an san ni, zuciyata a kusa take, abu kaɗan na hau sama. Sai ga shi ɗalibai na ta surutu a aji, ni kuwa kallonsu kawai nake yi har a kaɗa ƙararrawa.

Baba kadi ne, shekara talatin da bakwai. Kadi shi ne mai ɗaukar wa ɗan wasan golf jakar sandunansa, ya bi shi a baya rami bayan rami har a gama. Kullum in an idar da sallar asuba zai ɗaure ƙafar wandonsa, ya hau kekensa, ya fita ta Ƙofar Mata zuwa filin da ke can bayan gari. Ya ɗaukar wa Turawa, ya ɗaukar wa Kwarori, daga baya ya ɗaukar wa namu manyan. Da wannan aikin ya ciyar da mu tara, ya sa ni a makaranta har na zama malami.

Gaskiya ɗaya ce, kunyar aikin nake ji. A unguwarmu uban wani malamin zaure ne, na wani marini, na wani yana da rumfa a kasuwar Kurmi. Nawa kuwa yana bin ƙato da jaka, ƙaton yana bin ƙwallon da bai kai ƙwan kaza ba. In aka tambaye ni sana'ar mahaifina a firamare sai in ce ma'aikaci ne a kulob, in yi sauri in zauna. Har na haura shekara arba'in ban taɓa taka filin nan ba.

Wata rana bayan la'asar wani maƙwabcinmu ya shigo dubiya. Garin hira ya ce, "Malam, ku da kuka daɗe a wurin nan, ai kun fi masu wasan iya bugawa."

Baba ya yi 'yar dariya ya ce, "Ban taɓa bugawa ba. Ko sau ɗaya. A zamaninmu in aka ga ka wulwula sandar maigida, ranar ka bar aiki. Da aka zo aka sassauta kuma, ni na riga na girma da abin."

Suka wuce zuwa zancen tsadar gero. Ni kuwa na tsaya a nan. Shekara talatin da bakwai, ko sau ɗaya! Likita ya ce a ba shi abin da ransa yake so, to ga shi na samu. Na ƙudurta a raina Baba ba zai bar duniya ba sai ya buga ƙwallo a filin nan, wani yana biye da shi da jaka. Ba zan ce tausayi ne ya kama ni ba, don a lokacin ba na jin komai. Aiki dai na samu da zan sa a gaba.

Ashe shirya zagaye ɗaya na golf ya fi shirya jarrabawar ƙarshen zango wuya. Na je ofishin kulob ɗin da kumburin zuciya, ina jiran a raina ni in sauke wa mutum kwandon masifa. Sai na tarar da sakatare mai fara'a, ya ba ni kujera. Da na kwatanta masa ko ɗan wane ne ni, miƙewa ya yi ya sake ba ni hannu. Masifar tawa ta rasa inda za ta sauka, na fito da littafin da nake tsara darasi na fara rubuta abin da yake faɗa.

Ba a faɗowa filin haka kawai, sai wani mamba ya tsaya maka a matsayin baƙonsa. Sai an kama lokaci tun da wuri, a rubuta ranar da sa'ar da za a fara, in ka makara ko da minti goma ne na bayanka su wuce. Ramuka goma sha takwas ne, suna cin sa'a huɗu a ƙafa, amma ana iya tsayawa a tara. Mai rauni gara ya fara da sanyin safiya. Ba a shiga da babbar riga ko silifas, sai riga mai kwala a cusa ta cikin wando, da takalmi kambas. In mutum ya ɗaga sanda zai buga, ko tari ne ya taso maka ka haɗiye shi. Ya ce kowane ɗan wasa kuma da kadinsa. Na ce a ba mu wanda ya fi kowa daɗewa da sanin aiki, ba na son yaro. Na ja layi biyu a ƙarƙashin wannan, ina ganin na yi dabara.

Mamban da ya tsaya mana wani Alhaji ne mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, na koyar da 'ya'yansa biyu. Ban gama bayani ba ya katse ni. "Haba Malam, ai tsohon nan ya ɗaukar mini jaka shekara goma. Shi ya gyara mini hannu. In ya miƙo mini sanda ba na ma duba lambarta." Ya ara mana jakarsa cike da sanduna, ya buga waya aka rubuta mana Asabar ta sama, ƙarfe bakwai na safe. Na ɗauko jakar a adaidaita sahu, na ratsa lungunmu da ita, mata na leƙowa ta ƙofa suna tambayar ko kayan gyaran famfo ne.

Rigar ce ta fi ba ni wahala. Na sayo fara mai kwala daidai jikin Baba yadda na san shi, da aka gwada sai ta zama kamar an rataya ta a jikin ƙusa. Na kai wa telan bakin layi ya rage. Kafin mako ya zagayo sai da aka sake ragewa. Inna ta ɗaga rigar ta juya ta, ta ce, "Yanzu tsoho da furfurarsa za ka sa wa rigar 'yan ƙwallo? Kai dai ba ka rabo da ɗauko magana." Baba yana kwance yana jinmu. Ba ya kiran sunana, kasancewata ɗan fari, tun da na fara koyarwa Malam yake ce mini. Ya ce, "Malam, wahalar da kanka kawai kake yi." Na ɗauka kara ce irin ta manya, na ce ba komai Baba, ai an riga an gama shiri.

Ranar Asabar ɗin aka tashi da sanyin ruwan da aka yi jiya, ƙarshen damina ne. Muka taimaka wa Baba ya sa rigar da wandon, amma ya ƙi rabuwa da hularsa zanna. Da muka kusa, ya taɓa kafaɗar mai adaidaita ya nuna masa wata 'yar ƙofa ta gefe, wadda ma'aikata ke bi. Nan na ji tsohuwar zuciyata ta ɗan motsa. Na ce wa mai adaidaitan, "Malam, miƙe babbar ƙofa! Yau ta gaba za mu shiga." Baba ya janye hannunsa ya ɗora a cinya.

Akwai wata rumfar kwano inda kadi-kadi ke zama. Suna hango shi suka miƙe gaba ɗaya, wasu suka durƙusa, ana ta "Baba ne? Baba sannu da zuwa!" Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar iyalansu. Sai wani dattijo mai farin gemu ya fito daga cikinsu, ya rungume shi, sannan ya sunkuya ya saɓa jakar da na ajiye. Shi ne kadin da aka ware mana, wanda ya fi kowa daɗewa, kamar yadda na nema. Ashe abokin Baba ne, tare suka fara aikin suna samari.

Fuskar Baba ta canza. Ya ce, "Kai ne za ka ɗaukar mini jaka? Ajiye ta."

Dattijon ya ce, "Haba, yau ai ranarka ce."

"Na ce ka ajiye. Ni da kai kwano ɗaya muka ci shekara talatin da bakwai. Ba za ka bi ni a baya ba."

Na ga abin zai lalace tun ba a fara ba, na ce to ni zan ɗauka, da ma ɗa ne ke ɗaukar wa uba kaya. Na fizgi jakar na saɓa ta a juye, sanduna uku suka zube ƙasa da ƙara. Wasu masu wasa da ke can gefe suka waiwayo. Dattijon ya tsince su ya goge da tsumma, ya ce zai raka mu hannu rabbana, don hira kawai.

A wurin farawa dattijon ya soka ɗan tsinke a ƙasa, ya ɗora farin ƙwallo a kai, ya miƙa wa Baba doguwar sanda. Baba ya karɓa. Ya gyara tsayuwa, ya ware ƙafafu, ya dubi tutar da ke can nesa, ya dubi ƙwallon. Ko ni da ban san komai ba na ga tsayuwar ta wanda ya sani ce. Kowa ya yi tsit. Na ce a raina to, ga shi nan, abin da na yi wata guda ina nema. Ya daɗe a haka. Sai ya sauke sandar a hankali, ya juyo da mariƙinta wajena.

"Buga."

Na ce, "Baba, ku ne za ku buga."

"Buga, Malam. Akwai mutane a bayanmu."

Abin ya zo mini wuya. Na manta da dokar shiru, na manta da wa nake magana. Na ce, "Haba Baba! Wata guda ina zirga-zirga, ofis, kasuwa, wajen tela, duk saboda ku. Yanzu kuma a zo nan ku ce in buga? Ni me na sani a ciki?"

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Na ce maka ina so? Tambayata aka yi, na ba da amsa. Ni ba bugu na iya ba, aikina na iya. Shekara talatin da bakwai ina yinsa, ba ka taɓa zuwa ka ga yadda nake yi ba. Na san dalili, ban kuma riƙe ka ba. To yau Allah ya kawo ka. Ba ni jakar."

Ashe ya sani. Duk tsawon shekarun nan ya sani. Na tsaya riƙe da sanda kamar an dasa ni, kunya ta rufe ni, amma ita ma daga nesa nake jinta, kamar ana kiran salla a wata unguwa. Na ce ba zai yiwu ba, mutum da ciwo, a ce ɗansa na tafe hannu sake shi yana ɗauke da kaya? In aka ji wannan a Mandawari da wane ido zan kalli mutane? Dattijon ya zare sandunan ya bar huɗu kawai a ciki, ya rataya wa Baba jakar a kafaɗa. Ya matso kusa da ni ya ce, "Malam, bar shi."

Sau uku ina kai wa ƙwallon duka ina dukan iska. Na huɗu na tono ƙasa har da saiwar ciyawa. Baba ya ce, "Kar ka ɗaga kai. Ƙwallon ba gudu zai yi ba. Kai dai dube shi, ni zan ga inda ya tafi." Na biyar ƙwallon ya tashi, ya karkace dama, ya faɗa cikin dogayen ciyayi. Baba ya ɗauko ƙasar da na tono ya mayar a gurbinta ya danna da ƙafa, sannan ya nuna mini hanya da haɓa. Wai in wuce gaba. Tun da nake ban taɓa tafiya a gaban mahaifina ba, ko zuwa masallaci a bayansa nake. Na dinga rage sauri don ya cim mini, shi kuma yana rage nasa. Taku uku ne tsakaninmu, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa.

Ni ban ga inda ƙwallon ya shiga ba. Shi kuwa ya miƙe kai tsaye zuwa gindin wata darbejiya, ya buɗe ciyawa da ƙafa, ga shi nan. Ya tsinki ɗan ganye ya saka a iska ya ga inda ya nufa. Ya dubi tuta, ya faɗi tazarar da ta rage kamar mai karantawa a allo. Ya kai hannu baya ba tare da ya waiwaya ba, ya zaro sanda, ya goge kanta, ya miƙo mini. Mutumin da sai an riƙe shi yake zuwa alwala, ga shi yana tafe ba haki, muryarsa ma ta koma wata iri, a tsaye. A rami na biyu da ya miƙo sandar sai na ji ya ce, "Ga ta, yallaɓai." Bai ma san ya faɗa ba. Na karɓa da hannu biyu.

Wurin da ramin yake ba ciyawa ba ce. Wata da'ira ce ta lallausan yashi da aka cakuɗa da baƙin mai don ya kwanta, ramin na tsakiya da tutarsa. Duk wanda ya taka sai sawunsa ya fito. Shi ya sa ake ajiye wani katako mai dogon mariƙi, kamar manjagara marar haƙora, kadi ya share wa ɗan wasa hanya kafin ya gangara ƙwallo, in an gama kuma ya shafe sawun kowa.

A rami na uku na tsaya taku kamar goma daga ramin. Baba ya share mini hanya, ya ce in nufi ɗan hagu da faɗin tafin hannu. Na buga ya wuce. Na dawo da shi ya sake wucewa. Na uku ya tsaya rabin hanya. Sai na ji tsaki, irin wanda yake yi mana muna yara in mun kasa ɗaure akuya. Ya ajiye jakar, ya ɗauki ƙwallon ya mayar inda na fara. "Kawo nan. Ba da ƙarfi ake yi ba."

Bai wani gyara tsayuwa ba. Taɓawa ɗaya ya yi. Ƙwallon ya gangara a hankali, ya nufi hagu kamar zai ɓace, ya lanƙwaso, ya faɗa ramin ƙwal.

Dattijon ya ɗaga hannu biyu sama ya ce, "Allahu Akbar! Wallahi ka buga! A gabana ka buga!"

Baba ya miƙo mini sandar ya ce, "Wane bugu? Nuna masa na yi."

Sannan ya ɗauki katakon. Ya fara daga bakin ramin, yana tafiya da baya, yana jan shi a kewaye, da'ira na buɗewa, sawuna da na dattijon da nasa duk suna ɓacewa. Na ce ya kawo in ƙarasa, ya girgiza kai. "Ba a bar wa na baya sawu." Da ya kai gefe ya fita daga yashin, wurin ya koma sumul kamar ba a taɓa taka shi ba. Ya jingina katakon inda ya same shi, ya zauna a ƙasa, ya ce a nemo mai adaidaita. Ramuka uku muka yi cikin tara.

Bayan kwana goma sha tara Baba ya cika, da hantsi. Na tsaya aka yi masa wanka, aka sallace shi a ƙofar gida, aka ɗauke shi zuwa maƙabartar Ƙofar Mazugal. Mutane na ba ni hannu suna cewa Allah ya ba da haƙuri, ina amsawa da amin kamar mai kiran sunayen ɗalibai. Na shiga kabarin na karɓe shi, na ji bai fi jakar nan nauyi ba, ko wannan bai sa na ji komai ba. Har na fara zargin ko zuciyata ce ta mutu ta riga shi.

Aka rufe, aka yayyafa ruwa, aka yi addu'a, jama'a suka fara watsewa. Ƙasar wurin jiƙaƙƙiya ce, duk ta dame da sawun takalma. Ina shirin juyawa na hangi dattijon nan mai farin gemu, ban ma san ya zo ba. Ya samo wani guntun katako a gefen katanga, ya sunkuya a gefen kabarin yana ja, yana tafiya da baya.

Na je na karɓa daga hannunsa. Na sunkuya na fara ja, layin yana karkacewa, ina shafe wani sawun ina yin wani. Ya tsaya a kaina ya ce, "A hankali, Malam. Daga ciki ake farawa a yi waje. Haka mahaifinka yake yi."

A nan ne abin ya zo mini, gaba ɗaya, tun daga barandar asibiti. Na durƙushe a kan ƙasar da na gama sharewa ina kuka da ƙarfi kamar yaron goye, ina kiran Baba. Dattijon bai ba ni haƙuri ba. Ya jira har na tashi, sannan ya nuna mini gurbin gwiwoyina biyu, na koma na share su.